Ranar da Na Karanta wa Mai Rai Halin Mamaci

Ku ɗaliban da ake turo mini koyon aiki, duk shekara da magana guda kuke zuwa, wai wannan sana'a tamu ta ba da shawara ba ta da wuya. Mutum ya amsa tambayoyi, na'ura ta lissafa, kai kuma ka karanta masa abin da ya fito, shi ke nan kowa ya kama gabansa. Wata a cikinku ma ta nuna mini wayarta, ta ce a cikin keke ta yi nata gwajin hali, tsakanin Federal Low-Cost da Jekadafari, kafin ta sauka har ta san ko ita wace ce. Na ce mata madalla, ni da furfurata har yau ban gama sani ba. To, ku gyara zama. Lissafin ba shi ne aikin ba. Aikin yana farawa ne lokacin da mutum ya zauna a gabanka, ya zuba maka ido, yana jira ka gaya masa ko shi wane ne.

Lokacin da na fara, kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai littafin tambayoyi da ba a yarda ya kwana a hannun kowa ba, da fensir, da wata leda mai ramuka da ake ɗorawa a kan amsoshi a ƙirga. Fensir muke bayarwa, ba biro ba, don mutum ya san yana da ikon gogewa ya sake. Sai kujeru biyu masu tsayi ɗaya, a jere su gefe da gefe, babu tebur a tsakani. Kada ku raina kujerun nan. Idan ka zauna a bayan tebur, mutumin Gombe zai ɗauke ka alƙali ko likita, duk abin da ka faɗa ya ce "haka ne", ya fita da shi a ka kamar dakon itace, ko da ƙarya ne.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne Batangale, muna kiransa Baba Yila, a wata makarantar sakandare da aka fara tura ni. Zangon karatu guda na yi a kusurwar ofishinsa ban ce uffan ba, kallo kawai. Wata rana ya ba ni gwajin na yi. Da ya lissafa, sai ya zauna a bayan tebur, ko ɗago kai bai yi ba, ya karanta mini cewa ina da taurin kai, ba na jure gyara, ina saurin yanke wa mutane hukunci. Ya rufe takarda ya tafi cin abinci. Mako guda maganar nan tana bina har banɗaki. Ko gishiri aka ce ya yi yawa a miyata sai in ce a raina, ga shi nan, takarda ta faɗa. Da ya ga na rame sai ya yi dariya, ya ce yanzu na san abin da baki yake iya yi wa mutum. Sannan ya jawo kujera kusa da tawa ya sake karanta mini sakamakon, wannan karon magana ɗaya ɗaya. In ya faɗi ɗaya sai ya tsaya, ya ce, "Wannan ya yi kama da ke? Ba ni misali." Nan na koyi dokar da har gobe nake kanta. Ba a karanta biyu a haɗe, ba a wucewa sai mai shi ya yi magana, kuma in takarda da mutum suka saɓa, to a saurari mutumin.

Bayan na yi ritaya na buɗe wannan ɗan ofishi a Jekadafari, na ga masu zuwa kala-kala. Akwai masu tambayata ko sun ci ko sun faɗi, kamar jarrabawa. Akwai wani Alhaji da ya kawo mai neman 'yarsa, ya ce in gwada shi in raɗa masa sakamakon a kunne. Na ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya tashi a fusace. Akwai wani malamin makaranta Bafulatani da ya amsa cewa ba ya fushi, ba ya damuwa, ba ya kewar kowa, alhali idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Fulako, wato kunyar Fulani, ne ya cika masa takardar, ba shi ba, sai da muka yi zama da yawa kafin ya yarda akwai abin da ke cinsa. Mafi yawa kuma kallon mai duba suke yi mini. Wanda ya saba a share masa ƙasa a gaya masa gobensa, in ya ga takarda da fensir sai ya ɗauka duban ne ya shiga boko. Shi ya sa kafin in buɗe baki nake cewa ba ni na gano wannan ba, ku kuka faɗa, ni mayar muku kawai nake yi.

Aikin da ya kusa rufe mini ofishi ya zo ne daga wata ma'aikata da ta turo ma'aikatanta a gwada su kafin a rarraba su sassa. Na ce na yarda, amma kowa zai fara jin nasa daga bakina. A cikinsu akwai wani da zan kira Bulus. Shi da kansa ya ce in riƙa ba ɗalibai labarinsa, sunayen kawai na sauya. Sakamakonsa ya nuna mutum mai son taro, mai baki, mai raha, wanda in ya shiga ɗaki sai an san ya shigo. Amma wanda ya yi sallama ya shigo wani siririn mutum ne da ya ɗosana a bakin kujera, ya tura hannuwansa tsakanin gwiwoyi, muryarsa sai ka kasa kunne. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza.

Na fara kamar kullum. Na ce amsoshinsa sun nuna yana samun kuzari idan yana cikin jama'a, ko hakan ya yi kama da shi? Ban rufe baki ba sai na ga mutumin ya sauya. Ya jingina da kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kafaɗunsa suka buɗe, ya saki wata dariya mai kauri da ta cika ofishin, ya ce ai shi in babu mutane abinci ma ba ya wuce masa. Da na yi shiru ina jiran ƙarin bayani, sai dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Ƙafar ta sauka, hannuwan suka koma tsakanin gwiwoyi. Na karanta ta biyu, ya sake buɗewa. Na tsaya, ya sake rufewa. Da rana tsaka ne, ga hayaniyar masu keke a waje, amma na ji tsoro sosai. Na ajiye takardar a cinyata na ce, "Malam Bulus, wa ya amsa tambayoyin nan?"

Sai ya ba ni labari da wannan ƙaramar muryar. Sunansa na yanka Ishaya. Bulus wansa ne, suna kama kamar an tsaga kara. Bulus ya yi shekaru yana neman aikin gwamnati, da ƙyar aka ɗauke shi, amma kafin ya kama aiki zazzaɓi ya kwantar da shi a ƙauyensu, can kudancin Gombe, bai tashi ba. Tun gawa na ɗaki dattawan gida suka zauna. Suka ce aikin nan shi ne abincin gidan gaba ɗaya, ba za a binne shi tare da mai shi ba. Aka sanar cewa Ishaya ne ya rasu. Da aka shafe kabarin da siminti, sunan Ishaya aka rubuta a kai. Shi kuma ya ɗauki takardun wansa, ya ɗauki mahaifiyarsu, suka tare a Pantami inda babu wanda ya san su.

Tun daga nan yake koyon zama Bulus. Ya koyi dariyarsa, ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci don Bulus mawaƙi ne, ya koyi rubutu da dama alhali shi bahago ne. Uwar tana dafa abin da Bulus yake so, shi kuma yana ci. Duk Kirsimeti suna zuwa ƙauye, ya tsaya a kan kabari yana karanta sunansa, ya cire ciyawar da ta fito a gefe. Ya ce da aka ba shi tambayoyina bai ma yi tunani ba, kowace ya karanta sai ya ji amsar Bulus ta riga tasa zuwa.

"To taka fa?" na tambaye shi.

"Malama, ban sani ba ko tana nan," in ji shi. "Da can ina jin ta. Yanzu shiru."

Na ce masa wannan sakamako ba nasa ba ne, ba zan miƙa wa ma'aikatarsu shi ba, zan ce musu kawai ba zai yi amfani ba. Na ce ya zo ya sake gwajin, ya amsa da bakin kansa. Ya girgiza kai. Ya ce in ya tono Ishaya, ba shi da tabbacin zai iya mayar da shi, kuma ranar da Ishaya ya fito, ranar mahaifiyarsa za ta rasa Bulus, aiki ma ya tafi. Ban matsa masa ba, don ba a jan mutum da igiya a wannan sana'a. Abu ɗaya ya roƙa, in bari ya kawo tsohuwar ta ji abin da na karanta masa. Sakamakon a hannunsa yake, yana da ikon ya kawo wanda ya ga dama, sai na yarda.

Tsohuwar ta zo da zani da ɗankwali iri ɗaya, 'yar ƙarama da ita, Mama Rifkatu. Na ƙara mata kujera. Abin da na lura da shi tun farko, ba ta kallon ɗan nata. Ina karantawa, ita kuma idonta yana kan bangon da ke bayan kafaɗata, tana murmushi, tana gyaɗa kai kamar mai gaisawa da wani a tsaye. Sai da na waiwaya, babu komai sai kalanda. Duk inda na tsaya sai ta ce, "Shi ne. Ci gaba, 'yata, kada ki tsaya, zai tafi." Da na gama ta kama hannuna da nata biyu, masu sanyi kamar an tsamo su daga randa, ta ce Allah ya yi mini albarka, yau ta ga yaronta. Na ce mata Mama, babu wanda ya zo, amsoshin ɗanki ne wannan da ke zaune. Ta yi murmushi kawai, irin na wanda ya san abin da ba ka sani ba.

Magana zarar bunu ce. Mama Rifkatu ba ta tona asirin aiki ba, amma ta gaya wa matan zumuntar cocinsu cewa akwai wata Malama a Jekadafari, in ka amsa tambayoyi a madadin wanda ya rasu, sai ta karanta maka shi har ka ji kamar yana ɗakin. Kan ka ce kwabo labari ya fita daga coci ya shiga gidajen biki da na suna. Daga nan muguwar shekarata ta fara.

Wata safiya na zo buɗe ofis na tarar da bencin waje cike da mutane, babu mai magana da wani. Kowa yana riƙe da wani abu a cinya. Wata da hular mijinta, wani tsoho da tabarau na mace, wata yarinyar mata da takalmin jariri ƙafa ɗaya. Musulmi da Kirista, kafaɗa da kafaɗa. Da na nufo su duk suka ɗago kai lokaci guda. Na yi shekara da shekaru ina zama da masu kuka, amma shirun nan ya fi kuka nauyi, sai da mukulli ya faɗi daga hannuna. Na tsaya na yi musu bayani cewa ni ba na duba, ba na kiran matattu, wanda ya tafi ya tafi, sai addu'a. Suka saurara da ladabi, washegari suka dawo. Ƙin da nake yi shi ya ƙara tabbatar musu, wai ai masu abin gaske ba sa yarda da wuri. Tsohon nan mai tabarau ya ce shi ba ya son marigayiyar ta yi magana, so yake kawai a gaya masa irin halinta, don ya fara manta muryarta. Na shigar da shi, na ce shi ya ba ni labarinta, mun yi hira har azahar. Da zai tafi ya yi godiya, ya ce amma yaushe za a yi na takardar?

Masu aikin gaske kuwa suka ɗauke ƙafa. Makarantun da ke turo mini ɗalibai suka yi shiru. Matar limamin unguwarmu ta fara amsa gaisuwata da ka. Na ji an ce wani fasto ma ya ja kunnen mabiyansa a kan bokaye masu fensir. Ni da ko mafarki ba na iya fassarawa, ga ni an naɗa ni bokanya ta kowane ɓangare. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kulle littafin tambayoyi a kabad, na yi watanni ina zuwa ofis ina sharar ƙura da korar masu makoki cikin lallashi.

Ana cikin haka Ishaya ya dawo, ya ƙara ramewa. Ya ce tun ranar nan mahaifiyarsa ta daina yi masa magana kai tsaye. Takan zuba abinci kwano biyu, ta ajiye ɗaya a gabansa ba tare da ta dube shi ba, ta zauna kusa da ɗayan tana hira. Ya ce da can aƙalla shi ne Bulus a wurinta, yanzu ta sami Bulus a wani wuri, shi kuma bai zama kowa ba. Ranar Lahadi ya tsaya a layin mawaƙa ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya ce in ba shi fensir.

Na fito da littafin. Ya riƙe fensirin da dama, ya daɗe a kan tambayar farko, wadda ke cewa ko ya fi son yini cikin jama'a ko shi kaɗai. Can sai na ga fensirin ya koma hagu, shi kansa bai lura ba. Daga nan ya fara, a hankali, yana gogewa yana sakewa, gumi yana ɗiga a kan takardar. Abin da mutane ke gamawa kafin shayi ya huce, shi sai da ya kai la'asar. Da zai tafi ya ce ranar karatu zai zo da tsohuwar. Na tambaye shi ko ya san abin da hakan zai iya jawowa. Ya ce ya sani.

Suka zo da hantsi. Mama Rifkatu ta zauna da murnarta, ta kafa ido a bangon nan tun kafin in fara. Na ce amsoshin sun nuna mutum mai son shiru, wanda taro ke gajiyar da shi, na juya wajen Ishaya na ce ko ya yi kama da shi. Ya ce bai sani ba, amma yana jin kamar ya taɓa sanin mutumin. Murmushin tsohuwar ya ragu. Na karanta cewa yakan daɗe kafin ya yanke shawara, ya fi gane abu in ya taɓa shi da hannu, in aka ɓata masa rai ba ya faɗa sai dai ya janye. Na tsaya. Wannan karon tsohuwar ce ta ba da misalin, ba a tambaye ta ba. Ta ce akwai wani yaronta da yakan kwance rediyon babansa ya baje a tabarma, in an yi masa faɗa sai ya hau bishiyar tsamiya ya ƙi saukowa har a gama cin tuwo. Tana faɗa tana sauke idonta daga bango a hankali, har ya sauka a kan mutumin da ke gefenta. Ta dube shi kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

"Ishaya," ta ce.

Juyawa ya yi ya kalli ƙofa, don ya ga wanda ya shigo. Ta sake kira, ta dafa gwiwarsa. Sai a lokacin ya juyo, bakinsa yana motsi, da ƙyar "Na'am, Mama" ta fito. Tsohuwar ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, ba irin na murna ba, kukan mutuwa sosai, tana kiran Bulus, tana cewa ya tafi ya bar ta. Ashe duk shekarun nan ba ta taɓa yi masa kuka da sunansa ba, ba a ba ta dama ba. Na ji tausayinsu, na bar takardar, na riƙe ta.

Washegari aka aiko mini cewa Mama Rifkatu ta shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu a Pantami, ta zauna zaman makoki. Na je gaisuwa. Maƙwabta sun taru, kowa yana raɗa, don ba a ga gawa ba, ba a ji an yi jinya ba. Ishaya yana zaune a cikin maza yana karɓar gaisuwa. Ina nan sai ga abokan aikinsa sun sauko daga mota, har da shugaban sashensu. Shugaban ya miƙa masa hannu ya ce sun ji an yi musu rashi, wa ya rasu?

"Bulus ne ya rasu, ranka ya daɗe."

Mutumin ya yi turus, ya dubi sauran, ya sake dubansa. Ya ce, "Wane Bulus? Ba kai ne Bulus ba?"

Na ga hannun Ishaya yana neman komawa tsakanin gwiwoyinsa, sai ya tsayar da shi. Ya gyara musu wuri a kan tabarma.

"Ku zauna," in ji shi. "Ni ƙaninsa ne."